Kujerar da Na Cire Daga Motata

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Ni mutum ne da ya haura shekara hamsin a duniya, haifaffen Jidda, unguwar Karantina, kuma makanike tun ina saurayi. Na sha ɗaukar alƙalami in rubuto muku wannan labari, sai in ajiye. Yau dai Allah ya ba ni iko. A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu, ina aiki a warsha, wato garejin gyaran motoci, ta kafilina, ɗan ƙasar da takardun zamana suke ƙarƙashin sunansa. Duk wanda ya san ni a wancan zamani, da abu ɗaya ya san ni: tseren mota na miƙe. Motoci biyu za su jera a kan layi, fitila ta yi kore, kowa ya taka totur har ƙasa. Babu kwana, babu lanƙwasa, mita ɗari huɗu da 'yan kai ne kawai, wanda ya riga kai hancin motarsa shi ya ci. Kafin mutum ya gama karanta Fatiha a natse an gama. A kan wannan ɗan lokaci na ɗora rayuwata gaba ɗaya. Ina da wata tsohuwar motar Amurka mai silinda takwas da na saya a matsayin gawa, na tashe ta da hannuna. Da yake ni ba ɗan ƙasa ba ne, da sunan warsha nake shiga gasa, amma kowa a filin ya san hannun wa ke kan sitiyari, kuma wannan sanin ya fi mini abinci daɗi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ƙafa ya zo ƙasar nan. Yana ɗan shekara goma iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, suka ratsa Chadi da Sudan, su tsaya su yi ƙwadago su sami guzuri su ƙara gaba, har suka kai bakin teku suka tsallako a jirgin ruwa. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya gaza, daga nan ya dawo ƙofar gida yana rubuta wa mutanenmu wasiƙu da ajami zuwa gida. Shi ya koya mini ajami tun kafin in san harafin boko ko ɗaya. Da na fara tsere, da ajamin nake rubuta sirrin saitin injina a wani ɗan littafi, Larabawan warsha su leƙa su ga haruffansu amma su kasa gane komai. Ranar da na gaya masa haka ya yi dariya har da tari, ya ce ashe dai bulalar da ya yi mini ba ta tafi a banza ba. Bai taɓa hana ni tsere ba. Abin da ya ce kawai, in yi a filin da hukuma ta yarda, kada in yi a titin da mutane ke tsallakawa, kuma kada sallah ta wuce ni saboda ƙarfe.

A irin wannan tsere nauyi shi ne abokin gaba. Kowane kilo da ka rage, ka sayi wani ɗan gutsuren sakan. Na fara da cire kujerun baya, sai darduman ƙasa, sai safayar taya, sai mukayyif mai sanyaya mota, duk da zafin Jidda da kuka sani. Daga ƙarshe na tsaya ina kallon kujerar gefen direba, na ga ba ta yi mini aikin komai. Noti huɗu ne ke riƙe da ita. Na kwance su, na ɗora ta a bayan a-kori-kurar warsha na kai gida, don babu wurin ajiye ta a can. Na jingina ta a ƙofar gida da niyyar in shigar da ita ciki, sai na dawo da yamma na tarar da Baba a kai. Gwiwoyinsa sun daɗe suna hana shi zaman tabarma. Ya sa an kawo bulo biyu an ɗora ta, ya gano ƙarfen da ake ja ta kwanta baya, ya ce tunda yake bai taɓa zama kan abin da ya fahimci bayansa kamar wannan ba. Ya ƙara da cewa yau dai ya shiga motar ɗansa, illa iyaka ba ta tafiya. Daga ranar ta zama mazauninsa. A kanta yake rubutu, a kanta yake jan carbi, a kanta yake cin gurasar tamis da dafaffen waken ful da safe. Masu wucewa sukan tsokane shi su tambaye shi ina aka nufa yau, shi kuwa ya amsa musu cewa Madina, in Allah ya yarda, direba yake jira. Kowa ya yi dariya. Ni ma ina cikin masu dariyar.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya sa na zauna a kan dakali kusa da shi, ya nuna mini cewa maganar ba ta wasa ba ce. Ya ce ya fi shekara goma rabonsa da ziyarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ce ina ɗan shekara huɗu ya ɗora ni a wuyansa ya shiga da ni masallacin Madina, ina jan hularsa ina tambayarsa gidan wa ne wannan. Yanzu yana so ni ma in kai shi. Motar haya ba ta yi masa, don ciwon sukari ya sa ba ya iya awa guda bai kama ruwa ba, kuma ba zai iya ta roƙon direba ya tsaya a gaban mutane ba. Na ce masa in sha Allahu, da zarar an gama gasar bana. Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa masu kawo gyara: mayar da kujera ba komai ba ne, amma injin na saita shi ne don gudu na ɗan lokaci, man da yake sha na daban ne, in muka hau hanyar Madina a haka ba za mu kai Rabig ba zai tafasa. Sai na yi kwana biyu ina sauke shi, in mun dawo kuma in yi mako guda ina mayar da shi yadda yake. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce shi bai san inji ba, amma ya ji.

Gasar wannan shekara na kai zagayen ƙarshe, aka cinye ni da tazarar da ido ba ya gani, sai na'ura. Na kasa haƙura. Washegari na sauke injin gaba ɗaya na baje shi a ƙasan warsha, na yi watannin zafi ina sake haɗa shi. In Baba ya tambaya sai in ce ai motar ma ba ta da inji yanzu. Mijin ƙanwata ya ce shi zai kai shi a tasa motar, Baba ya yi masa godiya ya sa masa albarka ya ce ya riga ya yi alkawari da wani direban. Ni kuma da abin ya fara damuna, na zo na ce masa zan ɗaukar masa shatar mota mai kyau, mai sanyi, da direban da zai tsaya duk inda ya ce. Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni, ya ce: "Ɗana, ba mota na rasa ba. So nake in zauna a gefenka awa huɗu, ba ka da inda za ka." Na sunkuyar da kai na ce to. Kuma a nan ne zan faɗi abin da na ɓoye wa kaina shekaru: warsharmu cike take da motoci, da na buɗe baki na roƙi kafilina aron ɗaya ta kwana biyu, wallahi da ya ba ni makulli bai tambaye ni dalili ba. Inji hujja ce kawai na samu. Alhamis da Juma'a su ne ranakun gwaji a fili, kuma ba na so ko ɗaya ta wuce ni. Na ga mita ɗari huɗu sun fi ƙarfin a ɗaga su, kilomita ɗari huɗu kuwa za su jira.

Shekara ta biyu na ci. Aka ba da kofi, aka ɗauki hotuna, aka ɗaga ni sama. Kofin sunan warsha aka rubuta a jikinsa, aka kai shi ofishin kafilina aka sa a cikin gilashi, har yau ban san inda ya ƙare ba. Na dawo gida ranar Asabar na durƙusa gaban kujerar na ce wa Baba halas, an gama, ranar Alhamis bayan asuba za mu kama hanya. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Ya sa Inna, mahaifiyata, ta wanke masa fararen rigunansa biyu, ya aika aka kira wanzami, ya sa aka sayo masa turare. Ya ce in bar masa kujerarsa har daren Laraba, kada in bar shi a tabarma. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya gaya masa direba ya iso. Na lura mutane sun ƙaru a ƙofar gidan a kwanakin nan, mata masu tallar goro da gyaɗa, da masu wankin mota, da tsofaffin da ba su cika fitowa ba. Kowa ya durƙusa ya yi magana ƙasa-ƙasa, Baba ya rubuta. Na ɗauka wasiƙu ne kamar kullum, ban tambaya ba.

Ranar Talata ina ƙarƙashin motar, na riga na fara kwance kaya, sai ɗan kafilina ya shigo. Sa'ana ne, tare muka tashi a warshar, kuma ba na ɗora masa laifin komai. Ya ce wani mutum daga Riyad ya aiko da magana, wai zakarun Jidda baki ne kawai, zai kawo motarsa Juma'a ta sama a gwada a gaban kowa. Na ce masa na yi wa tsohona alkawari. Ya yi dariya ya dafa ni, yana kirana ya Hausawi kamar yadda ya saba, ya ce mako ɗaya ne tak, wanda ya jira shekara biyu ai zai jira kwana bakwai, kuma in na sauke injin yanzu mutane za su ce tsoro na ji. Wannan kalma ta tsoro ita ta kama ni. Na mayar da abin da na kwance, na ɗaure. Da na je gida na tarar da Baba a kan kujerar, jakarsa a gefe, an riga an zuge ta. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in fito da maganar. Bai yi faɗa ba, bai ma canza fuska ba. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ya naɗe takardun da ke cinyarsa, ya miƙa hannu baya ya cusa su a aljihun bayan kujerar. Inna ce ta biyo ni har bakin lungu, ta ce mini ni ne nake lissafi da mako, tsohon nan da kwana yake lissafi. Na ce mata ta daina yi mana mugun fata. Allah ya yafe mini wannan kalma.

Ranar Litinin bayan azahar wata maƙwabciya ta gan shi ya karkata gefe guda a kan kujerar, carbinsa a ƙasa. Aka kira ni a warsha, na isa asibiti da baƙin mai a hannuna. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ban yi tseren ba, kuma daga baya na ji cewa mutumin Riyad ɗin ma bai zo ba, injinsa ya fashe tun a can. Wato abin da na sayar da alkawarina a kansa bai ma auku ba. Aka sallamo Baba ya dawo gida ya kwanta wajen wata biyu, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Na je na sami likitan na tambaye shi ko zan iya kwantar da shi a mota in kai shi Madina a hankali, ya dube ni ya ce in ina so ya cika a hanya. Kullum in na shiga ɗakin sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofar waje, inda kujerar take, yana wani sauti a maƙogwaro. Na ɗauka gori yake yi mini. Na kasa jurewa, na ɗauke kujerar na kai ta ɗakin ajiya na rufe ta da tsohon bargo. Da ya ga haka sai ya daina nunawa. Ya rasu wata safiyar Laraba, kansa a cinyar Inna, aka binne shi a nan Jidda.

Daga nan ban sake taka filin tsere ba. Na tura motar ƙuryar warsha na lulluɓe ta da tamfol. Ɗan kafilina ya yi ta lallashi, masu saye suka yi ta zuwa, na ƙi sayarwa kuma na ƙi buɗewa. Ko ƙarar babban inji na ji a titi sai in sauya hanya. Na je umra ba adadi, na yi wa Baba addu'a a gaban Ka'aba, amma Madina na kasa zuwa. Duk lokacin da na ga allon da ke nuna hanyarta sai in kau da kai. Shekara goma sha wani abu na yi a haka. 'Ya'yana suka girma ba su san ubansu ya taɓa yin suna a wani abu ba, Hausarsu ma sai dai su ji su amsa da Larabci. Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, kuma shirunta ya fi mini duka zafi.

Sai aka zo rushe Karantina. Muka wayi gari an rubuta alamar rusau da jan fenti a bangon gidanmu, aka ba mu 'yan kwanaki mu kwashe. Na sami haya a unguwar Bani Malik. Ranar kwasar kaya, katafila tana aiki a lungun bayanmu, ƙura ta cika ko'ina, na shiga ɗakin ajiya na yaye bargon. Niyyata in bar kujerar a nan ginin ya danne ta, in huta. Matata ta ce ko ba komai a duba aljihunta, kada a bar wani abu mai sunan Allah a cikin ɓaraguzai. Ta zura hannu ta fito da takardu bakwai a naɗe, sun yi ja don tsufa. Da ganin rubutun na gane hannun Baba. Na zauna a ƙasa cikin ƙurar na fara karantawa. A saman ta farko ya rubuta cewa wannan amanar mutane ce, sallama zuwa ga Manzon Allah, in shi bai isa ba wanda ya tsinci takardar ya isar don Allah. A ƙasa kuwa sunaye ne, layi bayan layi, wance 'yar wane mutuniyar gari kaza, wane ɗan wane mai wankin mota.

Sai a lokacin na gane. Yawancin maƙwabtanmu mutane ne da suka zo hajji ko umra suka zauna, ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Suna ganin motocin Madina suna wucewa kullum, amma ba su isa su hau ba, don akwai shingen bincike a hanya. Wasu sun shekara ashirin a Jidda ba su ƙara ganin koriyar ƙubbar masallacin Madina ba. Baba yana da takardunsa, ɗansa yana da mota, saboda haka duk wanda ya ji zai tafi sai ya zo ya durƙusa ya ba shi saƙon gaisuwa, kamar yadda aka saba yi wa mai zuwa ziyara. Shekara biyu yana tarawa a kan kujerar nan. Ashe ba shi kaɗai na bari a zaune ba, unguwa guda na bari. Ashe kuma ba gori yake yi mini da hannunsa ba, amana yake so ya sauke kafin ya tafi, ni kuwa na ɗauke ta na rufe da bargo. Na bi sunayen ina gane su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta rasu, wannan an kama shi an mayar da shi gida, wannan ban san inda rusau ya jefa ta ba. A ƙarshen takarda ta bakwai ya rubuta sunansa, a ƙarƙashinsa ya rubuta nawa, ya ƙara da ƙananan haruffa: "Bai aiko ni ba, amma na san zai so."

Kujerar ce abu na farko da na ɗora a motar kaya. Washegari na yaye tamfol. Mayar da ita wurinta bai ɗauke ni rabin awa ba, na duba agogo, kuma wannan rabin awar ta fi komai sa ni kuka. Na yi makonni ina tashin motar, na sauke injin ya koma na tafiya, na mayar da mukayyif da kujerun baya. Sannan na je na durƙusa gaban Inna na ce ta shirya. Da ta zauna a kujerar ta shafa gefenta, ta ce har yanzu da ramin zamansa. Muka kama hanya bayan asuba. Ban wuce gudun da tsohuwa za ta iya shan shayi a cikin mota ba. Manyan motocin kaya suna wuce mu suna yi mini oda, Inna tana tsokanata wai ashe wannan ne zakaran da ake ba ta labari, ita kam jakin kakanta ya fi wannan sauri. Muka tsaya sau biyar a hanya ba don wata larura ba. Ta ba ni labarin yadda suka haɗu da Baba, da abubuwan da ban taɓa ji ba duk tsawon zamana da ita. Nan na san abin da yake nufi da awa huɗu.

A Madina masu tsaro ba sa barin mutum ya daɗe a gaban kabarin mai alfarma, kana tsayawa za ka ji yalla ya hajji, ka matsa. Saboda haka sai in zauna a harabar masallaci in haddace sunaye goma, in shiga layi, in na iso in yi sallama in faɗe su da sauri a hankali, in fita ta ɗaya ƙofar, in sake zama in haddace goma. Kwana uku na yi ina wannan zagaye. Na bar sunan Baba a ƙarshe. Da na zo kansa na daɗe a tsaye, mai tsaro ya ɗaga hannu zai kore ni, ya dubi fuskata, ya sauke hannun ya juya ga na bayana. Na isar. Ko an karɓa, Allah ne masani. Na dai san na kai saƙon bayan masu shi da yawa sun riga ni barin duniya.

Bayan mun dawo da 'yan watanni ɗan kafilina, wanda yanzu shi ne mai warshar, gemunsa ya yi fari kamar nawa, ya ce mini akwai ranar da ake buɗe fili ga kowa, babu kofi babu matsayi, tsofaffin 'yan tsere suna zuwa su motsa jini su sha shayi. Na yi kwanaki ina juya abin, har na tambayi Inna. Ta ce ubana bai taɓa ƙin gudun ba, jiran ne ya gajiyar da shi. Na je. Da fitila ta yi kore na taka, na ji tsohon daɗin nan ya taso mini tun daga tafin ƙafa, amma babu wannan ƙuncin da nake ji a ƙirji a da. Wani malamin makaranta mai ritaya ya wuce ni da tsawon mota uku, muka fito muna dariya, ya ce in na ƙara rage gudu za a ci ni tarar tare hanya. Yanzu nakan je sau ɗaya a wata, in babu abin da ya fi shi. In an kira sallah mu kashe injuna mu yi sahu a gefen fili. In Inna ta ce tana son zuwa asibiti ko gidan ƙanwata a ranar, ba na ko duba kalanda. Ban ƙara rubuta lokacin da na yi a littafi ba. Samarin filin sukan leƙa motar su ga kujeru cike, su ce ya ammi, wato baffa, ka cire wannan ta gefen mana, nauyi ce kawai kake ɗauka. Nakan ce musu na taɓa cire ta, ban ga ranar da na fi nauyi kamar lokacin ba. Su yi dariya, suna ganin zancen tsofaffi ne.

Ban rubuto wannan don in ce tsere haramun ne ba, ko in hana matashi son abin da yake so. Abin da na koya shi ne, ba rana ɗaya mutum yake yasar da iyayensa ba. Da kaɗan-kaɗan ne, kamar yadda na riƙa rage kayan motar nan, kowanne da hujjarsa mai kyau, har na wayi gari babu wurin zaman kowa a cikinta sai ni. Kuma tsoho in ya roƙe ka abu sau ɗaya ya yi shiru, kada ka ɗauka ya haƙura ne. Kunyarka yake ji, kuma ba ka san mutum nawa ne suka rataya a kan roƙon nasa ba. Kai da kake karanta wannan, ko kasuwa ce taka, ko karatu, ko wasa, in akwai wanda ya haife ka yana zaune yana jiran ka gama, ka sani ba za ka gama ba. Ka ajiye sufanar ka tafi yau. Ni na sami Inna a raye, Allah ya yi mini wannan rahama, amma wanda ya zuge jakarsa ya jira ni ban kai shi ba, kuma babu gudun da zan yi in cim masa. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi wa mahaifina addu'a, da mutanen da ke cikin takardun nan bakwai. Takardun suna nan a aljihun kujerar, inda ya sa su. Duk sanda na jera a kan layi ina jiran fitila, nakan dubi gefena tukuna.